Kafin Ka Zuba Kuɗi a Gilashin Kyamara

Wani yaro da ke riƙe mini fitila a wuraren biki ya tara kuɗin wata biyar ya sayi gilashin kyamara mai lamba 50mm f/1.8, domin duk wanda ya tambaya sai ya ce masa shi ne gilashin da ke narkar da bayan hoto, mutum ya fito tas shi kaɗai. Ba ƙarya suka yi masa ba. Ranar farko da ya fita aikin kansa, kamu ne a wani gida cikin gari, falon bai fi taku biyar ba. Uwar amarya ta ce a ɗauke ta da ƙannenta su bakwai. Ya ja baya, ya ƙara ja, har ƙeyarsa ta bugi bango, mutum uku kawai suka shiga. Da wayar wata ƙawar amarya aka ɗauki hoton, shi yana tsaye da kyamara rataye a wuya.

Gilashin lafiyarsa ƙalau. Abin da ba a gaya masa ba shi ne lambar 50 ɗin nan ba abu ɗaya take nufi a kowace kyamara ba, kuma ba kowane ɗaki ne ke da wurin ja da baya ba. Yawancin asarar da ake yi a sayen gilashi, wanda 'yan sana'a ke kira lens, irin wannan ce: kaya mai kyau a hannun wanda aikinsa wani abu daban yake nema.

Lambar milimita ita ce ke faɗin yadda gilashi ke buɗe ido. Ƙaramar lamba, kamar 16 ko 24, tana kwaso fili mai faɗi. Babba, kamar 135 ko 200, tana matse ganin ta jawo na nesa kusa. Amma gilashi zana hoto kawai yake yi, sensar da ke cikin kyamara ita ke karɓa, kuma sensa girma-girma ce. Cikakkiya, irin ta Canon 5D da 6D, ko Nikon D750, ko Sony a7, faɗinta milimita 36 ne, tsayinta 24, wato girman ɓallin tsohon fim. Ƙananan kyamarorin da yawancinmu muka fara da su, su Canon 600D da Nikon D3200 da Sony a6000, sensarsu ƙarama ce, ana ce mata APS-C, tsakiyar hoton kawai take ɗauka ta bar gefe-gefe. Shi ya sa ake ninka lambar gilashi da 1.6 a ƙananan Canon, da 1.5 a Nikon da Sony da Fujifilm, da 2 a tsarin Micro Four Thirds na Olympus da Panasonic, don a san ainihin faɗin da za a gani. Gilashin yaron nan a ƙaramar Canon ɗinsa ya zama kamar 80mm. In ka tsaya mita uku daga mutane, faɗin da zai kama bai kai mita ɗaya da rabi ba. Layin mata goma kuwa, kafaɗa da kafaɗa, sai ka ja baya kusan mita goma sha ɗaya. Wane falo ne a Fagge ko Gwammaja zai ba ka wannan? Da 24mm ya saya, a wannan mita ukun zai kama kusan mita uku a faɗi, ya yi aikinsa ya karɓi kuɗinsa. Mai ƙaramar Nikon da ke son gani irin na ido, 35mm f/1.8 ne nasa, ba 50 ba.

Akwai wata lambar da ke ruɗa sababbin shiga, wadda ake rubutawa a gaban gilashi da alamar da'ira mai sanda a tsakiya, 49 ko 58 ko 77. Wannan faɗin bakin gilashin ne, don ka san girman murfi ko tacen da zai hau. Ba ruwanta da hange. Na taɓa jin mai saye yana alfahari wai nasa 58mm ne, alhali 18-55 ne na cikin kwali, wanda ake haɗowa da kyamara.

Lamba ta biyu, mai harafin f, ita ce inda kuɗi ke tafiya, kuma ita ce aka fi fahimta a baibai. Ƙofar haske ce. A cikin kowane gilashi akwai wasu siraran ganyayyaki na ƙarfe da ke buɗewa su tsuke kamar ƙwayar ido. Lambar f rabo ce: lambar milimitar gilashi a raba da faɗin ƙofar. Shi ya sa ƙaramar lamba ke nufin babbar ƙofa. A 50mm f/1.8 ƙofar ta kai kusan milimita 28. Gilashin cikin kwali, 18-55mm f/3.5-5.6, in ka zuƙo shi zuwa 55, ƙofarsa ba ta fi milimita 10 ba. Tun da haske ta fili yake shiga, bambancin ba ninki uku ba ne, kusan ninki goma ne. Jerin lambobin da ake haddacewa, 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, kowane mataki rabin hasken na bayansa yake bari ya wuce.

Ma'anar wannan sai ka shiga zauren walima da dare, inda aka kashe manyan fitilu aka bar shuɗi da ja suna yawo. Inda gilashin kwali zai tilasta wa kyamara ta bar ido a buɗe kashi ɗaya cikin 15 na daƙiƙa, ango ya fito da hannu biyar saboda yana liƙi, mai f/1.8 zai ba ka kusan kashi ɗaya cikin 150, motsi ya tsaya cak. Ko kuma ka rage ISO, wato ƙarfin da ake ƙara wa sensa in haske ya yi ƙaranci, yashin da ke ɓata fuska ya ragu. Wannan shi ne ainihin abin da ake biya. Shi ne kuma dalilin nauyi da tsada: don 200mm ya buɗe zuwa f/2.8, sai ƙofarsa ta haura milimita 70, kuma gilasan da ke ciki duk sai sun yi girman da zai ciyar da ita. Shi ya sa 70-200mm f/2.8 na kyamarori masu madubi, wato masu ɗan madubi a ciki gaban sensa, ke kai kusan kilo ɗaya da rabi, sabo na Canon ko Nikon kuma a Amurka ya haura dala dubu biyu, alhali Canon ya fito da 50mm f/1.8 STM a 2015 a kan kusan dala 125.

Sai dai babbar ƙofa tana da haraji. Duk yadda ka buɗe ta, haka zurfin abin da zai fito tas ke sirancewa. Da 50mm a f/1.8 a ƙaramar sensa, mutum yana mita biyu daga gare ka, abin da zai fito sarai daga gaba zuwa baya bai fi santimita goma sha ɗaya ba, ko taƙi ɗaya bai kai ba. Amarya ta ɗan karkata, ido ɗaya ya fito, ɗayan ya dishe. Ango na tsaye bayanta kaɗan, ya zama inuwa. Masu kawo aiki suna son abin da suke kira bula, wato dishewar bayan hoto, gaskiya ne, amma babu uwar da za ta yafe maka in fuskarta ce ta shiga bular. A hoton taro dole ka tsuke zuwa f/4 ko f/5.6, kuma da zarar ka yi haka, gilashin dubu ɗari-ɗari da na cikin kwali sun kusa zama ɗaya a wajen haske. A nan fitilar filasha mai kyau, wadda za ka harba a silin ta dawo a hankali, ta fi sabon gilashi amfani, ta kuma fi shi araha. Na sha ba mutane shawarar su fasa sayen gilashi su sayi fitila, ba kasafai suke jin daɗin shawarar ba.

Mutane da yawa suna ɗauka na'urar hana rawar hannu za ta rufe wannan giɓin. Canon na rubuta IS, Nikon VR, Sony OSS, Sigma OS, Tamron VC, duk abu ɗaya ne: wani gilashi a ciki yana motsi don ya soke karkarwar hannunka. Tsohuwar ƙa'ida ita ce in kana riƙe da 200mm, kada saurin ƙiftawar kyamara ya yi ƙasa da kashi ɗaya cikin 200 na daƙiƙa, kuma wannan na'ura tana ba ka damar sauka ƙasa da haka sosai. Amma hannunka take riƙewa, ba ta riƙe wanda kake ɗauka. Liman a kan mumbari, i. Yara masu guje-guje ko doki a sukuwa, ba abin da za ta yi maka. A dogon gilashi da aikin bidiyo tana da daraja ƙwarai, a gajeren gilashi mai babbar ƙofa ba abin da zan ƙara kuɗi mai yawa a kansa ba ne, balle yanzu da kyamarori da dama ke da ita a jikin sensa.

Batun mai zuƙowa da mai tsayayyen hange ba ya buƙatar doguwar muhawara. Tsayayye ya fi haske, ya fi sauƙin nauyi da kuɗi, ƙafarka ce zum ɗinsa. Mai zuƙowa yana cetonka a wurin da ba ka da ikon matsawa, kamar ɗaurin aure a masallaci da jama'a suka cika sahu. Abin lura kawai, in ka ga lambar f guda biyu a jikinsa, kamar 3.5-5.6, ƙofar tana tsukewa yayin da kake zuƙowa. Mai ɗaukar hoto zai iya jurewa. Mai bidiyo kuwa zai ga hoton yana duhu a tsakiyar ɗauka, shi ya sa masu shirya fina-finai da shirye-shiryen YouTube ke neman mai lamba ɗaya tal, 2.8 ko 4. Su ne kuma ya kamata su kula da injin saiti, wanda ke daidaita gilashi da kansa don abin da ake ɗauka ya fito tas: irin STM na Canon yana tafiya shiru a hankali, tsofaffin injina kuwa ƙararsu na shiga makirfo. Ga mai ƙaramar sensa da ke aikin biki, 17-50mm f/2.8 na Sigma ko Tamron ya fi kusan komai biyan kuɗin sabulu. Sigma 18-35mm f/1.8 da ya fito a 2013 ya fi shi haske da kaifi, amma nauyinsa ya haura gram 800, kuma ba shi da na'urar hana rawa.

Duk wannan lissafi banza ne in gilashin bai hau kyamarar ba, kuma a nan ne na fi ganin hawaye. Kowane kamfani yana da bakinsa, wato zoben ƙarfen da gilashi ke murɗawa ya zauna a kai, da 'yan ƙusoshin lantarki da suke magana ta cikinsu. Sayen kyamara ta farko kamar neman aure ne, ba ita kaɗai ka ɗauka ba, har danginta. Nikon ya fara bakin F tun 1959. Canon ya yi watsi da tsohon bakinsa ya fito da EF a 1987. Sony ya kawo E a 2010, Fujifilm ya kawo X a 2012, sannan a 2018 Canon ya fito da RF, Nikon ya fito da Z, Leica da Panasonic da Sigma kuma suka haɗa kai a kan bakin L. Ko a cikin gida ɗaya akwai 'yan uba. Gilashin EF-S na Canon, mai alamar farin murabba'i, ba ya hawa cikakkun kyamarori masu madubi irin 5D da 6D, sai mai jan ɗigo. Gilashin EF-M na layin EOS M, wanda kamfanin ya daina fitar da sababbi a kansa, ba shi da hanyar hawa RF ko da adafta. Duk wanda aka yi wa tayin irin wannan da araha, ya san gida ne da ba a ƙara gini a cikinsa.

Na Nikon ya fi wayo, domin gilashin zai hau lafiya lau, sai ka zo aiki ka ga ba ya saita kansa. Ƙananan kyamarorin jerin D3000 da D5000 ba su da injin saiti a jikinsu, sun dogara ne da injin cikin gilashi. Tsohon 50mm f/1.8D, mai araha da ke yawo a kasuwa, ba shi da inji, jira yake kyamara ta juya shi da wani ɗan sukurori. A kan D3200 sai dai ka murɗa da hannu. Wanda ya dace shi ne mai harafin G da AF-S. Su kuma sababbin AF-P ba sa aiki a tsofaffin kyamarori irin D90 da D3100. Harafi ɗaya ne tsakanin riba da asara, mai shago kuwa ba lallai ne shi ma ya sani ba. Haka gilashin DX, wanda aka yi don ƙaramar sensa, zai hau cikakkiyar Nikon, amma kyamarar za ta yanke gefe, D750 mai megafiksel 24 ta koma ba ka kusan 10.

Me ya sa tsohon gilashi ke hawa sabuwar kyamara amma sabo ba ya hawa tsohuwa? Tazara ce. A kyamara mai madubi dole a bar wuri tsakanin baki da sensa don madubin ya riƙa tashi yana sauka: milimita 44 a Canon EF, 46.5 a Nikon F. Da aka cire madubi tazarar ta ragu zuwa 20 a RF, 18 a Sony E, 16 a Nikon Z. Adafta ba wani sihiri ba ne, bututu ne mara gilashi da ke cike wannan bambanci ya kuma isar da saƙon lantarki. Ana iya ƙara tazara, ba a iya rage ta. Wannan ɗan bayani yana da tasiri a aljihu. Ma'aikatan hoto a Turai da Amurka da Japan suna komawa marasa madubi suna zubar da gilasan EF da F a kasuwar gwanjo, kuma tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, sabon gilashin RF ko Z ya yi wa yawancinmu nisa. Gilashin EF mai kyau da ka saya yau don tsohuwar 6D zai bi ka zuwa EOS R da adafta, ya yi aiki yadda ya kamata. Na Nikon ma haka da adaftar FTZ, ban da waɗancan tsofaffi masu sukurori, su saitin hannu za su koma. Ni a ganina, ga mai neman abinci da kyamara a ƙasar nan, tsohon gilashin ƙwararru na hannu ya fi sabon gilashin 'yan koyo, ko da kuɗinsu ɗaya.

Kyamara kanta tana tsufa da sauri, duk bayan 'yan shekaru an fito da wadda ta fi ta, farashinta ya faɗi. Gilashi mai kyau yakan ga bayan kyamara uku. Amma abin da ake yi kullum shi ne a kwashe duk kuɗin a sayi babbar kyamara, sannan a liƙa mata abin da ya rage.

Akwai kamfanonin da ba sa yin taƙama da kyamara, gilashi suke ƙera wa bakin wasu. Sigma da Tamron na Japan sun daɗe da wuce matsayin a raina su, wasu gilasansu suna gogayya da na masu kyamarar kansu. Samyang na Koriya ta Kudu ne, Viltrox da Yongnuo da TTArtisan na Sin. Yawan zaɓin da za ka samu ya danganta da gidan da ka shiga. Sony ya buɗe wa masu ƙera gilashi bayanan bakin E tun 2011, shi ya sa kasuwarsa ta cika maƙil, kuma Tamron 28-75mm f/2.8 na 2018 ya zama abincin masu ɗaukar biki. Canon ya riƙe ƙofar RF, sai a 2024 Sigma da Tamron suka sanar da gilasan RF masu saita kansu, su ma na ƙaramar sensa. Wanda bai sayi kyamara ba tukuna, ya duba farashin gilasai uku da zai buƙata nan da shekara biyu kafin ya zaɓi gida. Na can ƙasa-ƙasa a farashi kuwa, araha ba ta ado: sukan yi kyau a tsakiyar hoto da rana, su yi ta laluben saiti da dare.

Dogon gilashi shi ne wanda ido ya fi kwaɗayi, musamman fararen nan da ake gani a gefen filin ƙwallo. Yana da ranarsa. A Hawan Daushe, lokacin da mahaya suka taso jahi a Ƙofar Kudu, dogarai ba za su bar ka ka matsa ba, kuma ko sun bar ka, kofato ba ya tambayar wane ne. A nan 200mm ne zai kawo maka rawani da fuskar doki. Amma sau nawa ake hawa a shekara? In aikinka na yau da kullum suna ne da walima da hoton fasfo, kilo ɗaya da rabi zai kwana a jaka wata da watanni. Ara ko ka yi haya ranar da bukata ta taso. Mai ƙaramar Canon da ke son nesa ba tare da sayar da fili ba, 55-250mm IS STM ya ishe shi da rana, ya kuma fi 75-300mm ɗin da ake yawan haɗawa da kyamara a sayar, wanda lambarsa ta fi girma amma ba shi da na'urar hana rawa kuma yana laushi a ƙarshen zuƙowa.

Hanyar da na fi yarda da ita wajen sanin abin da za a saya ba ta cin ko sisi. Kowane hoto yana ɗauke da bayanin milimitar da aka ɗauke shi da ita. Buɗe hotunanka na wata uku a kwamfuta ka duba. In ka ga yawancinsu a 18 suke, kana manne da bango, faɗi kake nema. In a 55 suke kuma kana yawan yanke hoto, nesa kake nema. In kuwa suna warwatse amma na dare duk sun lalace, haske ne matsalarka. Gilashin kwali da ake rainawa shi ne malamin da zai gaya maka wannan, kada ka yi saurin rabuwa da shi.

Sai ranar ciniki. Gilashi na hannu ba a cinikinsa kamar biri a sama. Tafi da kyamararka da katinka, kada ka gwada a ta mai shago. Cire murfi biyun, kunna fitilar waya ka haska ta baya kana leƙawa ta gaba, a ɗan karkace. Za ka ga ƙura, kada ta tsorata ka. Babu gilashin da ya yi hunturu ɗaya a Arewa bai haɗiyi ƙura ba, kuma 'yan ɗigon nan ba sa fitowa a hoto, sai dai su zama hujjar neman ragi. Baƙin tabon da ke bayyana a hoton sararin sama in an tsuke ƙofa, yawanci a kan sensa yake, ba a gilashi ba. Abin gudu shi ne wani farin zare-zare mai kama da saƙar gizo-gizo da ke tasowa daga gefe. Wannan fumfuna ce, tana rayuwa da danshi da duhu, in ta daɗe tana cinye shafen da ke kan gilashin, ko an wanke tabon na nan. Haka hazo mai kama da tururi a ciki, yana kashe kaifin launi. Karce a gilashin gaba da sauƙi, na baya, wanda ke kusa da sensa, shi ya fi illa.

Daga nan murɗa zoben zuƙowa da na saiti daga farko har ƙarshe, ka saurara da yatsunka. In ka ji gurji kamar yashi, ko wani wuri da ke cijewa, an taɓa faɗuwa da shi ko ƙasa ta shiga. Duba zaren bakin gaba, lotsawa a wurin shaidar faɗuwa ce. Duba kawunan sukurori, in sun gwaigwaye an taɓa buɗe shi, ka tambayi dalili. Ganyayyakin ƙofa su kasance a bushe, maiƙo a jikinsu na sa su nawa. Sannan ɗauki hoto a kowane mataki na zuƙowa, ƙofa a buɗe da kuma a tsuke. Wannan yana da muhimmanci, domin akwai wata siririyar wayar lantarki a ciki da ke lanƙwashewa duk lokacin da aka zuƙo, in ta fara tsinkewa gilashin zai yi aiki a wani wuri ya ƙi a wani. A kyamarar Canon saƙon Err 01 ke fitowa, ma'ana kyamara da gilashi sun kasa jin juna. Wani lokaci dattin ƙusoshi ne kawai, wani lokaci wayar ce. Na taɓa sayen gilashi a hannun wani, na gwada shi a lamba ɗaya na ga ya yi, sai a wurin ɗaurin aure ya nuna mini halinsa. Gwajin ƙarshe: nemi bango mai rubutu ko jerin bulo, tsaya daidai gabansa, ɗauka da ƙofa a buɗe, ka faɗaɗa kusurwoyi huɗun. In ɗaya ta fi sauran dishewa sosai, wani gilashi a ciki ya goce daga mazauninsa, gyaransa kuwa sai wanda ke da kayan aunawa.

Wanda zai yi oda ta intanet, daga Legas ko daga waje, ya nemi hoton gilashin gaba da na baya a ƙarƙashin haske, da lambar jikinsa, da yarjejeniyar mayarwa a rubuce. Ya kuma lissafa kuɗin jigila da na kwastan kafin ya yi murnar araha. Manyan dillalan kayan hannu irin KEH a Amurka da MPB a Ingila suna rubuta matakin lafiyar kowane gilashi, abin da mai sayarwa a shafin sada zumunta ba zai yi maka ba.

In ya shigo hannunka, yanayinmu yana kai hari ta fuska biyu. Da hunturu, gilashin da ke miƙewa yana komawa kamar zuga-zugi yake, yana shaƙar iska da ƙurarta. Kada ka canza gilashi a fili ana iska, shiga mota ko ɗaki, ka kifa bakin kyamara ƙasa. Kada ka goge shi da bakin riga, ƙurar hunturu yashi ce, goge ta a bushe karce ne. Fara hure ta da ɗan famfon roba, sannan ƙyalle mai laushi. Murfin inuwa da ke zagaye gaban gilashi, wanda mutane ke juyawa baya don ado, yana tare rana yana kuma karɓar duka in an yi karo da ƙofa. Da damina kuwa, musamman watan Agusta, jakar kyamara ita ce gidan fumfuna. Fito da gilasan ka sa su a robar abinci mai murfi da ke rufewa gam, ka jefa 'yan ƙunshin tsakuwar shan danshi irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi. In sun jiƙe a shanya su a rana mai zafi ko a ɗan gasa su a mayar.

Yaron nan bai sayar da 50mm ɗinsa ba. Da shi yake ɗaukar amare a tsakar gida da la'asar, inda akwai wurin ja da baya, kuma hotunan suna kyau. Ya sake tari ya sayi 24mm f/2.8 na hannu, ɗan falle kamar waina, shi yake sawa kafin ya yi sallama a ƙofar falo.